Ruwa garai-garai, ƙarafa uku

Ranar wata Talata ce cikin watan Afrilu, zafi ya kai inda ya kai, aka miƙo mini 'yar kwalba mai lamba 14. Abin da ke cikinta ruwa ne garai-garai, ba launi ba wari, kai ka ce yanzu aka taro shi daga famfo. Baba, dattijon da ke kula da ɗakin gwajin sinadarai na sashenmu, ya bi layi yana ajiye wa kowa tasa, sannan ya koma gaban allo ya ce, "Kowace kwalba akwai ƙarafa uku a narke a cikinta. Ku faɗa mini sunayensu, ku kuma faɗa mini yadda aka yi kuka sani. Wanda ya kawo mini suna ba hujja, ban karɓa ba."

Muna aji biyu a jami'a a lokacin. Na haddace jadawalin rukunan ƙarafa tun daren jiya, ina iya karanto shi ido rufe, don haka na ɗauka aikin awa ɗaya ne. Sai da ya ci mini zama biyu.

Ga wanda bai taɓa shiga irin wannan ɗaki ba: idan gishirin wani ƙarfe ya narke a ruwa, rabuwa yake yi gida biyu, ɓangaren ƙarfen ya riƙa yawo ɗauke da caji na fositif. Shi ake kira katayon. Waɗanda aka saba nema sun haura ashirin, kuma ba ya yiwuwa ka tsaya ka gwada kowanne kai tsaye, domin suna shiga wa juna hanci. Sinadarin da zai tona asirin wannan, wancan ma zai amsa masa, launi ya hau kan launi, ka rasa na wane ne. Dabarar ita ce a fitar da su rukuni-rukuni. A zuba sinadari guda wanda zai sa wasu 'yan kaɗan su daskare su kwanta a gindin kwalba, a tace, a ajiye abin da ya kwanta, a ci gaba da ruwan da ya wuce. Abin da ke kwanciyar nan, firesifitet muke ce masa a aji, amma a nan zan kira shi laka, don da ita ya fi kama. Wani Bajamushe, Carl Remigius Fresenius, shi ya tsara wannan hanya a rubuce a 1841, kuma har yau ƙashin bayanta bai sauya ba.

Duk macen da ta taɓa aikin hatsi ta san wannan hikimar. Sai an sussuka ake sheƙa, sai an surfa ake wankewa, sai an niƙa ake tankaɗe. Ba wadda ke fara ɗauko rariya. Haka rukunan nan suke, kowane sinadari yana aikinsa ne bisa sharaɗin cewa na gabansa ya riga ya kwashe nasa kaso tas. Kalmar "tas" ɗin nan ita ce ban ba wa muhimmanci ba.

Kafin komai na ɗibi kaɗan a wata kwalbar gwaji daban, na zuba sodiyam haidiroksaid, na ɗumama, na kara jiƙaƙƙiyar jar takardar litmos, wadda amoniya ke mayarwa shuɗiya, a bakin kwalbar. Ba ta sauya ba, ba kuma warin amoniya. Wannan gwajin amoniyam ne, kuma dole a yi shi tun farko a kan ruwa na asali, saboda nan gaba da hannunka za ka yi ta zuba amoniya a ciki, ka ga babu sauran damar tambaya.

Rukuni na ɗaya, haidirokulorik asid mai ruwa-ruwa. Ɗigo na farko da ya faɗa, sai wani fari ya tashi a cikin ruwan kamar an ɗiga madara, ya yi ta saukowa a hankali. Cikin waɗanda aka saba nema, ƙarafa uku ne kaɗai ke yin haka: azurfa, darma, da wani nau'i na zaiba. Dukkansu farar laka suke bayarwa, ido ba ya rabe su. Na tace, na wanke lakar, na zuba mata tsarkakakken ruwa na distil, na ɗora a wutar gas ta Bunsen. Kafin ya tafasa ta narke ƙaf, ruwa ya koma garau. A nan ƙirjina ya fara bugawa, domin kuloraid na azurfa da na zaiba ba sa narkewa a ruwan zafi. Da azurfa ce, sai amoniya za ta narkar da ita. Da zaiba ce, amoniyar baƙi za ta mayar da ita. Wadda ke bin ruwan zafi ita ce darma.

Na raba ruwan biyu. Rabi na ɗiga masa fotasiyam kuromet, ya ba da laka rawaya shar. Ɗaya rabin na ɗiga masa fotasiyam ayodaid, shi ma rawaya, kamar garin ɗorawa. Baba yana wucewa ta bayana ya ce, "'Yata, tafasa wannan, ki ajiye shi a gefe, kada ki girgiza." Na tafasa, rawayar ta ɓace, ruwa ya koma fari. Na jingina kwalbar a mazauninta na juya ga wani aiki. Bayan 'yan mintoci da na waiwayo, sai na ga wasu 'yan ɓarɓashi sirara suna fitowa daga cikin ruwan da babu komai, suna juyawa suna walƙiya, suna sauka sannu-sannu kamar an barbaɗa garin zinariya. Hasken taga ya bugi kwalbar. Na kira ƙawata da ke tebur na gaba, muka tsaya mu biyu muna kallo, ba wadda ta ce uffan. Na sha karanta cewa ayodaid na darma yana yin haka idan ya huce, amma karatu daban, gani daban. Har yau idan aka tambaye ni abin da ya zaunar da ni a wannan fanni, wannan kwalbar nake tunawa.

Na rubuta: darma. Saura biyu.

Rukuni na biyu shi ne wanda kowa ke tsoro, saboda warinsa. Iskar haidirojin salfaid ake busawa cikin ruwan, kuma warinta na baragurbi ne sak. Muna samunta daga tulun Kipp, wasu ƙwallayen gilashi uku a ɗore, ƙirƙirar wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Holan a wajajen 1844. Ana zuba gutsattsarin salfaid na baƙin ƙarfe a ƙwallon tsakiya, asid ya taso ya same su, iska ta fito; ka rufe famfo, iskar ta tura asid ɗin ƙasa, aiki ya tsaya da kansa. Yana cikin akwatin zuƙe hayaƙi, kuma Baba ba ya barin kowa ya buɗe shi sai yana tsaye. Ya sha faɗa mana cewa warin rahama ne, domin idan iskar ta yi yawa kashe jin wari take yi, mutum ya ɗauka ta tafi alhali a lokacin ta fi haɗari. Wurare da yawa yanzu sun koma amfani da tayo'asetamaid, wanda ke sakin iskar kaɗan-kaɗan a cikin kwalbar idan an ɗumama.

Abin da ya sa ake yin wannan mataki cikin asid yana da daɗin fahimta. Asid yana danne haidirojin salfaid, ya hana shi sakin salfaid da yawa. Ɗan abin da ya saki ba zai ishi kowa ba sai ƙarafan da salfaid ɗinsu ya fi ƙin narkewa: tagulla, zaiba, bismat, kadmiyam, asenik, antimoni, kuza, da darma. Su tutiya da nikel suna nan a ruwa suna jira, sai an kai rukuni na huɗu an sakar musu salfaid da yawa. Ƙarfin asid da ake so kusan 0.3 ne a ma'aunin da ake kira mola. Ya fi haka, kadmiyam ya ƙi fitowa. Ya gaza haka, tutiya ta yi riga-malam-masallaci. Sinadari ɗaya ne a rukuni biyu, tsamin ruwa kawai ya raba su.

Na busa iskar. Ruwana ya yi duhu, baƙar laka ta fito, ba ta da yawa amma ga ta nan ƙiri-ƙiri. Jadawalin da ke kaina ya ce: kadmiyam rawaya, antimoni ruwan lemo, bismat ruwan ƙasa, tagulla baƙa. Ban tsaya ba na rubuta tagulla. Lokaci yana tafiya, wasu har sun kai rukuni na uku, ni kuma na ga baƙi, me ya rage?

Baba ya zo ya ɗauki littafina ya duba. Bai ce na yi kuskure ba. Ya ɗaga kwalbata ta asali, mai lamba 14, ya kara ta da hasken taga.

"Wane launi kike gani?"

"Babu launi, Baba."

"Ruwan da tagulla ke ciki fa?"

Na yi shiru. Shuɗi ne, kowa ya sani, tun sakandare.

"To je ki tambayi lakar da kanta."

Na narkar da ita a naitirik asid mai ruwa-ruwa da zafi. Ta narke, wanda ya nuna ba zaiba ba ce, don salfaid na zaiba ba ya narkewa a nan. Na ɗibi rabi na zuba amoniya har ta yi yawa. Da akwai tagulla, da ruwan ya rine ya zama shuɗi mai duhu kamar an tsoma shi a marina. Ko alama. Ɗaya rabin na ɗiga masa salfiyurik asid, sai ga farar laka. Darma ce. Ita ce dai ta ɗazu, ta biyo ni.

Dalilin yana cikin abin da na yi murna da shi a rukunin farko. Kuloraid na darma ba ya ƙin ruwa gaba ɗaya. Wajen giram 1 yana narkewa a mililita 100 na ruwa mai ɗumin digiri 20, kuma ya ninka haka sau uku a tafasasshen ruwa. Shi ya sa jadawali ke sa darma a rukuni na ɗaya da na biyu, abin da na haddace ban taɓa tambayar dalilinsa ba. Ga shi kuma ranar ɗakin kamar tanda, ban sanyaya kwalbar ba kafin in tace, ban kuma ƙara ɗigon asid a kan tataccen ruwan in ga ko akwai sauran abin da zai fito ba. Darma mai yawa ta bi ta cikin takardar tata ta wuce abinta. Na ja layi a kan tagulla. Baba ya hana mu gogewa ko yage shafi; ya ce kuskuren da aka ja wa layi ɗaya ana iya karanta shi, a san inda aka faɗi.

Zaman ranar ya ƙare a nan. Na toshe tataccen ruwana, na manna masa lamba, na tafi ɗaki da warin baragurbi a hijabina.

Talata ta gaba na dawo da wata irin natsuwa. Abu na farko, na sake busa iskar a ɗan kaɗan daga ruwan don in tabbata babu sauran baƙi. Babu. Sannan na tafasa shi sosai don korar haidirojin salfaid, ina kara takardar da aka jiƙa da asitet na darma a bakin tururin har ta daina yin baƙi. Wannan tafasawar ita ce mutane suka fi tsallakewa. Wani ɗan ajinmu ya tsallake ta, yana zuba amoniya sai ga baƙar laka a rukuni na uku, inda babu mai baƙi. Nikel ɗinsa ne na rukuni na huɗu ya fito kafin a kira shi, ya cakuɗe da na uku, dole ya koma farko. Bayan tafasawa ana ɗiga naitirik asid mai ƙarfi kaɗan a sake tafasawa, saboda idan akwai baƙin ƙarfe, haidirojin salfaid ya riga ya mayar da shi mai caji biyu, kuma sai yana mai caji uku yake kwanciya duka a wannan rukuni.

Sai amoniyam kuloraid, sannan amoniya. Jerin nan ma ba ado ba ne. Gishirin amoniyam yana rage kaifin amoniya, yadda haidiroksaid da zai samu ba zai wuce abin da zai kwantar da ƙarafa uku ba: baƙin ƙarfe mai ba da laka ruwan tsatsa, kuromiyam mai ba da kore, da alminiyam. Da farko na ɗauka babu komai a nawa. Sai da na ɗaga kwalbar na karkata ta a gaban baƙar rigar ƙawata, na ga wani abu fari-fari, mai yauƙi, yana reto a tsakiyar ruwan kamar kamu bai gama kwanciya ba. Na san shi. Duk gidan da ake jefa alif a randar ruwan rafi an san shi: wannan farin gajimaren da ke tattaro datti ya sauka da shi ƙasa. Abu ɗaya ne, haidiroksaid na alminiyam. Tun ina ƙarama nake ganinsa a gindin bokiti ban san sunansa ba.

Amma darasin makon jiya bai bar ni na rubuta da ido ba. Na tace, na ɗibi lakar na zuba mata sodiyam haidiroksaid, ta narke. Na narkar da sauran a asid, na ɗiga ruwan litmos, ya yi ja, na riƙa ɗiga amoniya ɗaya-ɗaya. Lakar ta dawo, ta kwashe launin duka ta riƙe, ta zama wani shuɗin gajimare yana yawo a cikin ruwan da ya koma fari. Yadda take kama datti a randa, haka ta kama rini a kwalba. Sannan na rubuta alminiyam.

Rukuni na huɗu bai ba ni komai ba. Na busa iskar a ruwan mai amoniya, ba farin tutiya, ba ruwan hodar manganis, ba baƙin nikel ko kobalt. Na rubuta babu, na wuce. A teburin gaba an samu nikel, aka ɗiga masa daimetilgilayoksim ya yi ja kamar jan lalle, muka leƙa muka dawo.

Na biyar ya so ya kuɓuce mini. Ruwan ya yi yawa saboda wanke-wanke da ƙare-ƙaren da aka yi ta yi tun daga farko, ga gishirin amoniyam ya taru, kuma yawansa yana hana kabonet aiki. Na zuba amoniyam kabonet, shiru. Da a makon jiya ne, da na rubuta babu. Na koma na ƙafe ragowar ruwan a wuta har ya ragu sosai, na ƙara amoniya, na sake zubawa, na ɗumama kaɗan. Sai ga fari ya fito, siriri, kamar an kaɗa alli. Bariyam, sitirontiyam, ko kalsiyam, su ukun fari suke bayarwa. Na narkar da lakar a asetik asid na bi su da jerinsu, don nan ma akwai jeri: kuromet don bariyam, bai ba da rawaya ba, amoniyam salfet don sitirontiyam, shiru, amoniyam okzalet, sai ga farar laka. Okzalet na kalsiyam ke nan, abin da mafi yawan tsakuwar ƙoda ke ƙunshe da shi.

Saura shaidar wuta. Na tsoma waya a haidirokulorik asid mai ƙarfi, na kara a harshen Bunsen, na maimaita har ta daina ba da launi. Wannan wankin yana cin lokaci, saboda sodiyam yana ko'ina, a gumin yatsa, a ƙurar taga, kuma ɗan ƙanƙaninsa yana cika wuta da rawaya ya rufe kowa. Wanda ya taɓa ganin ruwan kanwa ya zuba a kan wutar gas ya san wannan rawayar. Da wayar ta tsarkaka na taɓa lakar na kai wuta. Ja ya tashi, ba ja wur na sitirontiyam ba, ja mai sirkin ruwan lemo irin na jan bulo, ya yi daƙiƙa biyu ya ɓace. Na sake, ya sake. Bariyam kore yake bayarwa. Kalsiyam ne.

Duk da ƙarafa uku sun cika, na ƙarasa rukuni na shida, na magnisiyam da sodiyam da fotasiyam, waɗanda babu sinadarin da ke kwantar da su tare, sai a bi kowanne shi kaɗai. Na duba wuta ta cikin shuɗin gilashin kobalt, wanda ke tare rawayar sodiyam don a ga shunayyar fotasiyam. Babu. Na miƙa littafi: darma, alminiyam, kalsiyam, da tagulla mai layi a kanta. Baba ya karanta tun daga shafin farko, ya sa hannu, ya ce, "Madalla, 'yata."

Akwai masu cewa wannan aiki ya tsufa, kuma ta wani ɓangaren suna da gaskiya. Na'urorin zamani suna auna ƙarafa da yawa cikin mintoci, har su faɗi adadin da ido ba zai taɓa gani ba, ba wari ba tata. Duk wanda zai auna jinin yaro ko ruwan rijiya, na'ura zai nema, kuma ita ya kamata ya nema. Amma ban yarda a cire shi daga karatu ba. Na'ura lamba take ba ka. Ba ta nuna maka dalilin da ya sa darma ke bin ruwan ɗumi, ko yadda ɗan sauyin tsami ke raba tagulla da tutiya. Ni a yatsuna na koyi waɗannan, kuma wanda ya koya haka, idan na'ura ta ba shi lambar da ba ta yi kama da gaskiya ba, zai tsaya ya tambaya.

Baƙar lakar nan ta rukuni na biyu kuwa ba ta bar raina ba. Salfaid na darma, a cikin ƙasa, shi ne dutsen da ake kira galina, mai nauyi, mai ƙyalli kamar azurfa idan an fasa. Da na ga hotonsa a littafi sai na ga kamar na san shi a tandun kakata. Da yawa daga kwallin dutse da ake niƙawa a sa a ido, shi ne. Kuma mu nan ba baƙin labarin darma ba ne. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya mai darma da ake niƙawa a cikin gidaje, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka gano abin da ke faruwa. Jikin yaro ya fi na babba zuƙar darma, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa.

Da na je gida hutu na gutsuro ɗan kwallin da ke gidanmu, na ƙulle a takarda. Yayata ta haihu a watan, kuma kullum da safe bayan wanka ana ranbaɗa wa jaririyar kwalli, kamar yadda aka yi mana dukkanmu. Da aka koma makaranta na kai wa Baba, na ce, "Baba, don Allah ina so in gwada wannan." Ya jujjuya shi a tafin hannu, ya ce in daka shi, in yi aikin a cikin akwatin hayaƙi, kuma in bi tsari daga farko kamar ban san komai ba.

Na dafa garin a naitirik asid mai ruwa-ruwa har baƙin ya ɓace, na tace. Wannan karon na sanyaya kwalbar a ruwa kafin in ɗiga haidirokulorik. Fari ya fito, mai yawa. Ya narke a ruwan zafi. Na ɗiga ayodaid, na tafasa, na ajiye a gefe ban girgiza ba. Ɓarɓashin zinariyar suka fara saukowa, irin na ranar farko, kyawunsu bai ragu ba. Na tsaya ina kallonsu har suka gama kwanciya, sannan na wanke hannuna sau biyu, na fita bakin baranda na kira yayata.

"Yaya, kwallin nan da ake sa wa jaririya, ki ɗauke shi yau. Zan yi wa Inna bayani da kaina idan na zo."